Daƙiƙa Arba'in da Ka Rage Mini

Zuwa ga wana, marigayi Yaya Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Iyalinka suna lafiya, an kuma sare raken gonarka ta Kudan. Na san masu karanta wannan za su ce ba a yi wa mamaci faɗa. Su yi haƙuri. Da kana raye ban samu bakin yi ba, yau kuwa sai na yi.

Ka tuna shekarar da na gama kwalejin horon malamai, gwamnatin soja ta dakatar da ɗaukar ma'aikata, na dawo gida ina zaman kashe wando. Kullum ina Makarfi wurin abokina Bulus, wanda wansa ya aiko masa da na'urar wasan talabijin daga Legas. Wuta ba ta zama, sai mu jona da batirin mota. Bulus wasan yake so, ni kuwa kiɗan. Da gangan nake jefa ɗan mutumin da ke cikin wasan a rami don in sake jin sautin da ke biyo bayan faɗuwarsa, Bulus yana ta zagina.

Shi ke kaɗa ƙaramin kibod na cocinsu, ana barinsa ya zo da shi gida. A kansa na koya, da yatsa biyu. Sai na ƙirƙiro wani wasa a kaina wanda babu shi a ko'ina: mutum ya ɗauro rake a keke daga Kudan zai kai kasuwar Makarfi. Kowane mataki na yi masa kiɗansa. Akwai na tsallake rafi, akwai na shingen sojoji inda sautin ke noƙewa, akwai na layin kananzir mai juyawa wuri ɗaya, har da na sacewar taya. Guda goma sha ɗaya, wata bakwai ina fama da su.

Ban iya rubuta kiɗa a takarda ba, har yau ma ban iya ba. Kaset ɗaya muka ɗauka, wanda sai da na ba da takalmin ƙwallona aka ba ni shi. Na ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada rikoda ta yarda a ɗora wani abu a kai, na rubuta sunana a jiki da jan biro. Ba a jima ba aka sallami baban Bulus a rage ma'aikata, suka kwashe suka koma garinsu a kudancin Kaduna, kibod ya koma coci. Kaset ɗin nan kaɗai ya rage mini, kuma ka sani.

Sai safiyar nan da Baba ya aike ni Ikara neman takin zamani. Rediyo ta ɓarke da badujala, soja ya sake ture soja. Kai sarkin son labarai, ka nemi kaset ka ɗauki jawabin ba ka samu ba, ka faɗa ɗakina.

Yaya, da kuskure ne da tuni na manta. Amma ai rikodar ta ƙi. Ka ciro kaset ɗin, ka ga ramukan, ka ga sunana, ka yagi takarda ka tauna ka toshe su. Ka cika shi gaba da baya da jawabin, da maimaicinsa, da fassararsa. Mutum ba ya tauna takarda bisa kuskure.

Da na dawo na yi magana, ko kallona ba ka yi ba. Cewa ka yi, "Wannan tarihi ne, naka kuwa kukan gyare." Duk tsakar gida aka kwashe da dariya. Baba ya ce ƙani ba ya ɗaga wa wansa murya, na haɗiye. Tarihin me? Jawabin da aka kwana uku ana maimaitawa har awaki sun haddace? Nawa guda ɗaya ne a duk duniya.

Na yi ta ƙoƙarin riƙe kaɗe-kaɗen nan da fito, suka zube mini ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙara taɓa kibod ba. Na samu koyarwa a Janfalan, sai da salla nake zuwa in durƙusa in gaishe ka. Shekara talatin da ɗoriya ban yafe maka ba, kai ma ba ka taɓa nema ba.

Makon jiya matarka, Yaya Hajara, ta ba ni akwatinka in duba takardun gona. A ƙasa na tarar da kaset ɗin, takardarka tana nan a ramukan. Na aro rikoda wurin wani mai gyara, na zauna na saurari sojan nan har ƙarshe don in ƙara wa kaina haushi. Sai jawabin ya yanke, kiɗan isowa kasuwa ya fito, na ƙarshe cikin sha ɗayan. Daƙiƙa arba'in. Sautin yana rawa, don zaren ya sha juyi a daidai wurin har ya saki.

Yaya Hajara tana bakin ƙofa, na ce mata ni na yi shi, ta ce, "Au, ashe naka ne? Ai shi yake yi da fito kullum in zai tafi gona. Da shi ya lallashi yaran nan duka." Ɗanka Habu ya ɗauka da baki ya kai shi ƙarshe, bai kuskure ko ɗaya ba.

Wannan ya fi goge kaset ɗin ƙona mini rai. Ashe kana so. Ka yi wa gona, ka yi wa 'ya'yanka, ni da na yi shi ba ka taɓa yi a gabana ba. Da sau ɗaya ka ce mini da daɗi, da na bi Bulus har garinsu mun sake. Girman kai ya hana ka, ni kuma fushi ya hana ni tambaya, har aka saka ka a ƙasa.

Habu ya sa mini kibod a waya. Jiya na gwada, yatsun nan biyu sun yi tauri, amma sun gane hanya.

Kaset ɗin na yafe, Yaya. Shirun ne ban gama da shi ba, ka ba ni lokaci. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, kada ya tsare ka da haƙƙina ko na daƙiƙa ɗaya. Amin.

Ƙaninka mai kukan gyare,
Isiyaku