Motoci Uku, Ƙofa Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa buhu-buhu, da fatan kina lafiya, ke da yara da gwiwar nan taki. Ƙaninki ne, direban Minista, wanda in ya taka birki gwamnati ke tsayawa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan sitiyari nake yi, dama kuma kin san ni da biro ba ma shiri.

Maganar ɗanki Auta, ki kwantar da hankalinki. Yarjejeniyar tsaron nan ta ƙasashe uku duk majalisu sun amince, saura ministoci su haɗu su sa hannu. Suna sawa, sojojin maƙwabta za su karɓi wani yanki na bakin iyaka, a ba su Auta hutu su zo gida. Da kunnena na ji, don duk sirrin ƙasar nan ta bayan ƙeyata yake wucewa.

Matsalar ɗaya ce. Oga ya ce ba zai riga kowa shiga otal ɗin da za a sa hannun ba, wai wanda ya fara zuwa ya zauna jira shi ne ƙarami. Ministan maƙwabta, wani mai gilashi, haka ya ce wa direbansa. Na ukun, wani dogo, shi ma haka. Jiya wuni muka yi muna zaga shataletalen gaban otal ɗin, da tuta da jiniya, kowa na jiran wani ya karya kwana. Mai jarida har ya fara ɗaga mana hannu. Da jiri ya kama Oga muka koma masauki. A rediyo kuma aka ce an yi tattaunawa mai amfani.

Naki har kullum,
Sarkin Kwana

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarka da ƙyar, kuma ban yi dariya ba. Auta ya yi waya, muryarsa ta dushe. Ruwa na shiga tantinsu, abokin kwanansa yana asibiti. Tun kana rarrafe kake cika mini baki. In da gaske ƙeyar taka tana da amfani, ka juya ka gaya wa mutumin nan akwai uwar da ke jira.

Allah ya tsare hanya.
Yayarka

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma jiran tukuici. Wallahi na juya zan gaya masa, sai na tarar yana minshari. Sai na ce bari mu manya mu ɗauki aikin da kanmu.

Na tara direbobin nan biyu a inda muke wanke mota, na ce tunda ba mai son ya riga, mu shiga tare kawai, hanci da hanci. Direban Dogo ya ce in aka kore shi fa? Na ce ni ne zan tsaya masa. Muka tafa.

Abin da ba wanda ya tuna, ƙofar otal ɗin mota biyu take ci. Ni ne a tsakiya. Yaya, ƙarar da kika ji a gida ran nan, mu ne. Madubaina duka biyu suka tafi, muka cushe ba gaba ba baya. Ginshiƙai sun danne ƙofofin motocin gefe, su kuma sun danne nawa. Ba mai fita.

Oga ya sauke gilas zai zage ni, sai ya ga hancin Mai Gilashi dab da nasa. Ya waiga, ga Dogo. Ga masu hoto sun yi dafifi. Can Dogo ya tuntsire da dariya, ya ce, "To wa ya riga wa? A miƙo takardun nan kafin zafi ya kashe mu."

Ta taga aka miƙa. Dogo ya ɗora takardun a kan gwiwarsa ya sa hannu, ya ba Oga, Oga ya ba Mai Gilashi. Biro ma nawa ne, wannan da nake rubuto miki da shi. Har yanzu Oga na gaya wa mutane shi aka sa a tsakiya saboda shi ne babba.

Ni kuma an ƙara min girma. An ce ƙwarewata ta fi ƙarfin titi, an ba ni shugabancin sashen wanke motoci. Ni kaɗai ne a sashen tukuna. Direban Dogo na nemana, in ya rubuto ki ce ba ki san ni ba.

Naki,
Sarkin Kwana mai ritaya

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Auta ya iso jiya, ya rame, amma da ƙafarsa ya shigo. Yana barci a ɗakinka, ban tashe shi ba. Mun gan ka a talabijin, kana tsintar madubi.

Ga soso da sabulu nan na ba mai kawo wasiƙar. Ka wanke su da kyau.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka