Gemun Lauchie Gillis

Judique, watan Mayu

Zuwa ga 'yata Morag,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da mijinki da Ishbel kuna lafiya. Ki daina bugo waya, kunnen nan ya mutu. Ki rubuto kamar mutanen kirki.

Na karanta takardarki da ƙyar. Wato 'yarki Ishbel na karatun yarenmu na Gaelic a jami'a, bakinta ya kasa kama wasu sautuka, shi ne za ta zo da na'ura irin wadda ake duba cikin mai juna biyu, ta manna mini a ƙarƙashin haɓa, ta ga yadda harshena ke motsi. Kuma wai sai an aske mini gemu, don abin ba ya gani ta cikin gashi.

Uwarki kaɗai ke sa almakashi a gemun nan. Tun da muka binne ta ba wanda ya taɓa shi.

Ban kuma manta ba. Kina 'yar makaranta kika ce mini a gaban ƙawayenki in daina magana kamar mai dafaffen dankali a baki. Na daina. Yau kuma dankalin ake son ɗauka hoto?

Ni kakata ce ta koya mini, ba inji ba. Takan kama yatsana ta sa a bakinta, in ji inda kan harshe ya tokari bayan haƙora, da inda tsakiyarsa ta tashi ta manne da ganɗa.

Ki gaida ja'irar. Amsar ita ce a'a.

Mahaifinki,
Lauchie Gillis

Halifax, watan Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Yarinya ce ni lokacin da na faɗi maganar nan, kuma na sha ba ka haƙuri. Kada ka rama a kan Ishbel. Ta saurari kaset ɗin tsofaffi har ta gaji, amma kaset ba ya nuna inda harshe yake. A garinmu saura kai da Hector Beaton cikin waɗanda suka sha yaren a nono. Ta ce kakanta take so. Gemu kuwa, Baba, fitowa yake yi.

Maƙwabciyarka ta ce ka daina cin nama saboda gyambo a gefen harshe. Don Allah ka je likita ya gani.

'Yarka,
Morag

Judique, watan Yuli

Morag,

Na gaishe ku. Hector? Mutumin da ya yanke mini igiyoyin tarkon ƙaguwa, ya shiga coci ya rantse ba shi ba ne? In ta taka ƙofarsa kada ta taka tawa.

Gyambon ba komai ba ne, karyayyen haƙori ke gugarsa. Maƙwabciyar ta ji da kajinta. Ki ce wa Ishbel ta bari sai lokacin kamun kifi ya ƙare an ja jiragen tudu, in na huta zan yi tunani. Harshena ba inda za shi.

Mahaifinki

Asibiti, watan Nuwamba

'Yata,

Ina gaisuwa. Jiya kin wuni a gefen gadona ban iya ce miki komai ba, shi ya sa na karɓi biro.

Gyambon nan ashe ciwon daji ne. Kin san sun yanke rabin harshen da guntun ƙashin muƙamuƙi, sun yi faci da naman hannuna. Ga abin da ba ki gani ba. Kafin su shiga da ni wani yaro ya zo da reza, ko tambayata bai yi ba. Aikin da bai kai shan shayi ba. Ina kallo ya share gemun ya zuba a kwandon shara.

Yau da safe na gwada kiran sunan uwarki. Facin kwanciya yake yi kamar tsumma, ba ya tashi ya taɓa ganɗa. Yanzu kam dankalin gaske ne a bakin. Likita ya ce Turanci zai ɗan dawo in na yi ta gwaji. Na rubuta masa, ɗayan yaren fa? Ya ce bai san akwai wani ba.

Ga haɓa sumul kamar ta jariri, ba abin da na'urar za ta ɗauka a bayanta.

Mahaifinki

Halifax, watan Disamba

Baba,

Sannu da jiki. Ishbel ta karanta takardarka, ta daɗe a ɗaki. Ta ce za ta zo hutun Kirsimeti ba tare da na'ura ba, ta dafa maka miya ta zauna kawai. Allah ya ƙara sauƙi.

Morag

Judique, watan Disamba

Morag,

Na gaishe ku. Ki ce ta zo da na'urar. Ki kai ta gidan Hector. Ɓarawo ne, amma harshensa na sauka inda na kakata ke sauka, kuma bai taɓa iya tara gemu ba. Kada ku ce ni na aiko ku.

In sun gama ta biyo ta nan. Kunnena ba zai gaya mini ko ta iya ba. Zan wanke yatsana in sa a bakinta.

Ku huta lafiya.

Baba