Hanyar da Kibiya Ba Ta Nuna Ba

Litinin, 1 ga Satumba

An sallame ni daga asibiti, an kawo ni gidan 'yata Auta. Bene ne, hawa na uku. Mijinta da wani maƙwabci ne suka ɗauko ni a kan kujera kamar buhun siminti. Ƙafar hagu a ɗaure da ƙarafa daga gwiwa har idon sawu. Shekara kusan talatin ina jan tirela ban taɓa kife ta ba, sai ga jak ya zame ina canza taya. Abin kunya ma.

Tagar ɗakin tana kallon tankin ruwa da bayan wani gini. Shi ke nan duniyar.

Alhamis, 4 ga Satumba

Sarkin Barci ya kira daga hanya. Abokin tafiyata ne tun muna da baƙin gashi, duk inda aka tsaya sai ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota. Ina jin ƙugin injinsa ta waya, na ce masa giyar da yake ciki ta yi wa hawan nan nauyi. Ya ce, "Kai da ke kwance ma ba za ka bar mutum ya yi tuƙinsa ba?" Da ya kashe, na daɗe riƙe da wayar.

Asabar, 6 ga Satumba

Auta ta gaji da ganina ina kallon tanki. Ta kawo mini 'yar na'urar wasan gem ɗinta, wadda take fama da ita tun tana makaranta. Na ce ni yaro ne? Ta ce, "Baba, ka riƙe dai, tafiya ake yi a ciki." Da wannan kalmar ta kama ni.

Wani ɗan mutum ne kake juyawa da babban yatsa. Ƙasa ce guda da dazuka da koguna, cike da wasu halittu, kana kama su suna binka. Da farko aka jera mini huɗu wai in zaɓi ɗaya. Auta ta nuna wata mai fukafukai, ta ce ita ce mai gudu. Na ɗauki wata ƙatuwa kamar ɓauna, bayanta na dutse, tana tafiya da ƙyar. Wannan za ta ɗauki kaya. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Na sa mata Tsohuwa, sunan motata.

Laraba, 10 ga Satumba

Akwai wata kibiya a saman allo da ke nuna inda ake so ka je. Ba na bin ta. Taswirar baƙa ce ƙirin, sai inda ƙafarka ta taka ne yake washewa. To ina dalilin in bi titi guda in bar duk wannan duhun?

Halittun kuma hanya biyu ce. Ko ka sa taka ta doke su har su galabaita ka kama, ko ka ajiye musu abinci ka ja da baya ka jira. Ta biyun tana cin lokaci. Lokaci kuwa shi ne abin da nake da shi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ƙafa ta hana ni sakat yau. Ban taɓa komai ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na bi wani rafi har inda ya shige ƙarƙashin dutse. Na sa Tsohuwa ta ture dutsen, sai ga rami, bayan ramin kuma tafki, shiru, ba kowa. Wata farar halitta mai dogon wuya tana tsaye a ruwa. Na ajiye abinci na koma gefe. Shayina ya huce kafin ta matso.

Auta ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta leƙo. Ta ƙwace na'urar. "A ina ka samo wannan? Baba, shekara nawa ina wasan nan ban san da wurin nan ba!" Ta zauna a bakin gado na nuna mata hanya, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Warin magani a rigarta. Rabon da ta zauna kusa da ni haka, ina jin tun tana famfara.

Tafkin ya tuna mini da wani kwari da muke gangarawa da hantsi, inda iska ke canzawa ta yi sanyi farat ɗaya, ka sauke gilashi ka fitar da hannu. Ba wanda zan yi wa bayanin wannan a gidan nan.

Juma'a, 19 ga Satumba

Mun ɗan samu saɓani da Auta, in ma saɓani ne. Ta duba inda na kai, ta ce labarin wasan ba zai ci gaba ba sai na shiga babban gari, akwai mutane a bakin ƙofa suna jirana tun makon jiya. Na ce su yi ta jira, ai ba inda za su. Ta ce, "Haka ne. Mu ma ba inda muka je." Ta kwashi kwanuka ta fita.

To me zan ce? Hanya ce ta ciyar da su, ita ta biya makarantar da ta yi. Marigayiya uwarta ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Ko da yake ita ba mai magana ba ce.

Ban shiga garin ba. Na zagaye shi ta bayan ganuwa.

Talata, 23 ga Satumba

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ƙafar ya daɗe yana kallo. Zan taka, in ji shi, har da sauri ma wata rana. Amma taka kulocin babbar mota, sa'o'i a jere, wannan kada in sa rai. Na ce masa bai san ƙafata ba. Ya ce, "Baba, ita nake kallo."

A mota muna dawowa mijin Auta ya kunna rediyo don kada a yi magana. Yaron kirki ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Mai tirelar da nake ja ya ba wani direba Tsohuwa. Sarkin Barci ne ya gaya mini, da ƙyar, bayan ya gama zagaye-zagaye. Wai sabon direban ya cire matashin da na ɗinka wa kujera. Bai san tana son a ɗan jira ta da safe kafin a saka giya ba. Wa zai gaya masa?

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kwana da kwanaki ban ɗauki na'urar ba. Ina kwance ina bin hanyoyi a kaina. Gadar nan mai rawa. Masu gyaran taya da ke ɗaga mini hannu. Warin gas da asuba, lokacin da gilashi ke da raɓa. Na san kowane rami a hanyar, yanzu ba abin da zan yi da sanin.

Yau dai na kunna. Tsohuwar wasan tana nan inda na bar ta, tana kiwo abinta.

Litinin, 6 ga Oktoba

An cire ƙarafa. Da sanduna biyu na kai har bakin matakala na dawo, gumi sharkaf.

A wasa na iso wata mashiga tsakanin duwatsu, siririya. Aka rubuto mini cewa Tsohuwa ba za ta wuce ba. Ko in bar ta a gonar wani makiyayi in wuce da ƙananan, ko in zagaya ta fadama, tafiya mai nisa, ga ƙwari masu cizo. Auta ta ce kowa barin ta yake yi, ana iya dawowa a ɗauka. Na ce na san irin dawowar nan. Fadama za mu bi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Fadamar ta ba ni kashi. Sau uku ana kashe mini tawaga ana mayar da ni baya. Auta tana tsaye a ƙofa tana kallo, can ta fita ta dawo da na'urar mijinta. Ashe mutum biyu suna iya haɗuwa a ƙasa ɗaya. Sai ga 'yar mutuniyarta ta ɓullo kusa da nawa, da jar hula, tsuntsuwarta a kafaɗa.

Mun yi ta kutsawa har la'asar. Tana da zafin hannu, ba ta jira, sai ta doki abu tukuna ta tambaya. Ban san haka take ba. Ina ce mai sanyi ce kamar uwarta.

Da muka fito fadamar hanya ta rabu biyu. Na karkata hagu, wajen da ya fi duhu a taswira. Ta ce, "A'a, yau dama za mu yi. Akwai abin da nake so ka gani." Na juya ɗan mutumina dama. Na bi ta. Wani tsauni ne, daga samansa ana hango teku. Ta ce nan take zuwa ta zauna lokacin tana makarantar kwana, in kewar gida ta dame ta, ba ta kama komai, zama kawai. Muka tsayar da mutanenmu a wurin. Shinkafarta ta kama a wuta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sarkin Barci ya biyo ta garin da kaya, ya ce in zo in raka shi sauke su, tafiyar yini guda. Auta ba ta so ba, amma ta haɗa mini magunguna a leda. Mutum biyu suka tura ni sama, cikin tirelar.

Wayyo, hanya. Da injin ya tashi na ji shi har cikin haƙorana. Na sauke gilashi. Na yi ta yi masa gyara yana zagina, kamar da. Ƙafata tana neman kuloci a inda babu, tana taka ƙasan mota ita kaɗai.

Amma kujerar gefe ba kujerar direba ba ce. Daga can ana ganin abin da ban taɓa gani ba. Hanyar nan na bi ta ba adadi, ban san akwai wata 'yar hanyar burtali da ke sauka bayan wani gidan mai ba, har da ruwa yana ƙyalli a ƙarshenta. Na ce ya tsaya. Ya ce da kaya a bayansa? Na ɗauki hoto ta taga, ya fito a karkace, na aika wa Auta. Ta amso, "Ina take kaiwa?" Na ce ban sani ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ƙafa ta kumbura kamar tulu. An yi mini faɗa, na ji.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Sarkin Barci kuma. Doguwar tafiya ce wannan karon, mako guda, har kwarin nan mai iska. Ya ce kujera tana nan, ya ma saya mini matashi. Abin da nake roƙo tun ranar da aka hau da ni benen nan.

Na ce masa bari in ga ranakun hutun Auta tukuna. Ya ce, "Hutun wa?" Ni ma ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Na ce ƙafa ce, likita ya hana zama mai tsawo. Wannan ma gaskiya ne ai.

Mijin Auta ya ce zai ba mu ƙaramar motarsa ranar Laraba, mu je mu ga inda hanyar burtalin nan take kaiwa. Ita za ta tuƙa. Wai ba ta taɓa fita bayan gari da mota ba, tana tsoron manyan motoci. Na ce zan nuna mata yadda ake wuce su. Ta ce sai dai in yi alkawarin ba zan yi mata gyara ba.

Na yi alkawari. Za mu gani.