Maganar Ruwa a Radiyo Za Ta Hana 'Yata Komawa Jami'a

Tanti Rahinatu, sallama gare ki. Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki yi sauri, don ɗalibai sun fara ɗaure kaya za su koma Yamai, ni kuwa gidana ya ƙi zama lafiya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa abin da na tashi ɗauka. Jiya sau biyu na zuba wa miya gishiri.

Ni mutuniyar Gaya ce. Maigidana esansi, wato man mota, yake sayarwa a bakin hanyar da ta nufi gadar kan iyaka: tebur, kwalabe, mazurari, sai bido-bido, jarkokin man, a baya cikin inuwa. Da teburin nan ya aure ni, da shi ya sa yara lakwal, har babbarsu ta samu jami'a a Yamai tana karatun kimiyya. 'Yan kabu-kabu su ne masu cinikinsa. Sukan wuce teburan wasu su zo nasa, don kowa ya san ba ya algus. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da kamiyo na ɗaukar kaya, sunansa kawai gare shi.

Yarinyar ta zo bakansi, hutun makaranta. Sai wata radiyo ta nan garin ta shirya muhawarar matasa a kan abin da korona ta koya mana, da inda ƙasa ta dosa, aka gayyace ta. Tanti, da kin ga maigida ran nan! Ya ɗora radiyo a kan tebur ya ƙure murya, ya sa aka dafa shayi, yana kiran duk wanda ya gifta wai ya zo ya ji 'yarsa. Mutane suka taru kamar ana rabon abinci.

Aka fara da maganar rufe iyaka. Wani saurayi a cikin masu muhawarar ya ce gwamnati ta zalunci mutanen Gaya: an rufe gada, masu ɗaukar fasinja sun zauna, an hana sallar jam'i alhali kasuwa tana ci, kuma ba wanda ya tambaye mu me za mu ci. Yarinyar ta ce a'a. Ta ce cuta ce da ba wanda ya san kanta a lokacin, asibitocinmu ba su da kayan da za su riƙe mutane da yawa in numfashi ya sarƙe, gara a rufe a yi kuskure da a buɗe a yi ta binne mutane. Har nan ba laifi. Sai ta ƙara da cewa wanda rufewar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, ai ba wanda ya rasa wani abu da ba ya dawowa don an hana shi ƙetare gada.

Innalillahi! Ni ina gida ina ji a tawa radiyon, sai da na dafe ƙirji. Domin maigida yana da yaya, Sumana, wanda ya rene shi, shi ya kafa masa teburin farko. A Malanbil yake zaune, tsallaken gulbi, in ka tsaya a bakin ruwa kana hango garin. Cikin rufewar nan ciwo ya kwantar da shi, ba ma korona ba ce, hawan jini ne. Ya aiko a ce wa ƙanensa ya zo. Gada a rufe, masu kwale-kwale kuma sun ɓuya saboda ana sintiri a lokacin. Maigida ya yi ta zarya a bakin gulbi, kafin ya samu mai ƙetarar da shi an riga an yi jana'iza. Tun daga nan bai ƙara ɗaga zancen ba, ko da ni. Yaran sun san baffansu ya rasu, amma ba su san ya aiko ba, mu muka ɓoye musu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mai gabatarwa ya tambaye ta to ina mafita ga lafiyar jama'a nan gaba. Ta ce hayaƙin motoci ma yana cin huhu, kuma masu raunin huhu su ne irin wannan cuta ta fi kayarwa. Ta ce akwai wata iska, idirojan, da ake cirowa daga ruwa da ƙarfin lantarki, mota ta yi tafiya da ita, abin da zai fito a bututun hayaƙi tururi ne kawai. Ni dai ban gane duka ba, amma na ji daɗin yadda bakinta ke zuba. Sai ta so ta girmama ubanta. Ta ce ita 'yar mai esansi ce, cikin warin mai ta girma, kuma in Allah ya yarda daga ruwan gulbin nan za a riƙa samun mai, a teburin babanta ma za a fara.

Shi ke nan, Tanti. Ai mutanenmu ba su ji idirojan ba, ruwa suka ji, suka ji mai, suka ji tebur. Kafin la'asar labari ya zaga gari, da Hausa da Zabarmanci, wai 'yar mai esansi ta tona asiri a radiyo, ruwan gulbi suke zubawa a kwalba. Duk yaron da motonsa ya yi tari sai ya turo shi gaban teburin yana dariya. Sun sa masa suna Alhaji Mai Ruwa. Ni kaina na je kasuwa sayen kifi, wata ta tambaye ni wai rijiya muke ɗiba ko gulbi. Wasu wasa suke yi, na sani, amma wasu sun daina zuwa da gaske. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa cutar kowa ba!

Ya dawo gida ido jajir. A tsakar gida, gaban ƙannenta da maƙwabta da suka leƙo, ya rantse da Allah ba za ta sake taka Yamai ba. Ya ce karatun da zai koya wa ɗiya ta kunyata ubanta a bainar jama'a ya ishe shi haka, ta zauna gida.

Ta yi kuka, ta durƙusa ta nemi gafara a kan maganar ruwa. Amma a kan korona ta kafe, wai gaskiya ta faɗa, ba za ta janye ba. Ta buɗo salula tana nuna mini yawan mutanen da suka mutu a ƙasashen da suka yi sakaci. Shi kuma ya ce can ne, nan wa ya ga gawa a titi? Yunwa da zaman banza suka fi cin mutanen Gaya. Yanzu ba sa magana da juna, ni ce hanya. Da safe ya ce in gaya wa 'yata kaza, da ya fita ita ta ce in gaya wa Baba kaza. Na gaji, wallahi na gaji.

Kuma ni ban san wa ke da gaskiya ba. Na ga magidanta sun sayar da moto don su ci abinci. Na kuma ga mijin maƙwabciyata Sadiya ya dawo daga tafiya yana tari, cikin 'yan kwanaki ya tafi, ba wanda ya yarda ya kira sunan cutar. To wanne zan ɗauka in bar wanne?

Ƙanwata da ke Dosso ta ce in saka yarinyar a mota a ɓoye, in ya huce ya ji. Yarinyar ta ce ba za ta tafi ba sai da albarkarsa, amma tana so ta koma radiyon ta yi bayani, ni kuwa tsoro nake ji kada ta ƙara yin wani kuskure. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama. In ta rasa wannan komawar, na san halin garin nan, ta rasa ke nan.

Ni ban ce masa komai ba. Ta fari ce. Kin san a wajenmu uwa ko sunan ta fari ba ta kira, balle ta tsaya gaban uba tana yi mata faɗa. Danginsa na Karakara suka ji, sai su ce ba ni da kunya. To, Tanti. Ya zan yi?

Uwa mai zulumi, Gaya

*

'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki. Na karanta takardarki, kuma ina ganin abin bai kai yadda kike tsoro ba, in dai aka yi abin da ya kamata kafin motocin ɗalibai su tashi.

Maganar ruwa ita ta fi ƙara, amma ita ce mai sauƙi. Kada yarinyar ta koma radiyo. Wanda bai ji ba ma sai ya ji, wanda ya ji kuma ya ce in ba gaskiya ba ce me ya kawo rantse-rantse. Ɗan kabu-kabu injinsa yake yarda da shi, kuma duk sun san ruwa ba ya ɓuya a kwalbar esansi, ƙasa yake kwantawa. Maigida ya ci gaba da fitowa da teburinsa kamar kullum. In suka kira shi Mai Ruwa ya ɗaga kwalba ya ce su duba. Tsokanar da ba ta samu fushi ba, ba ta daɗewa.

'Yarki ba ƙarya ta yi ba. Idirojan gaskiya ce, ana gwada ta a wasu ƙasashe, kuma abin fata ce. Sai dai tana da tsada, tana bukatar lantarki mai yawa, ajiyarta ma aiki ce. Mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakar niƙa, da sauranmu. Teburin maigida ba ya cikin haɗari yau ko gobe. Abin da ya kamata ta koya shi ne, a garin da ake sayar da mai a kwalba ba a haɗa ruwa da mai da sunan mutum a numfashi ɗaya.

Batun korona kuwa, ki sauke wannan kayan, ba ke za ki raba gardamar ba. Masana ma har yau suna ja-in-ja a kanta. Tana da gaskiya cewa hukuma ta fuskanci cutar da ba ta sani ba, da asibitocin da ba za su iya ba. Yana da gaskiya cewa an rufe ƙofa ba a yi tanadin waɗanda abincinsu da danginsu ke tsallake ba, ba a bar ko ƙaramar hanya ta jinya da jana'iza ba. Ba dole wani ya janye ba. Uba da 'ya suna iya saɓawa a kan gwamnati su ci tuwo a gida ɗaya.

Abin da ya soke shi ba ra'ayinta ba ne, jumla ɗaya ce, kuma ke kin san wacce. Ita ba ta sani ba. Tana ta neman gafara a kan ruwa, shi kuwa yayansa yake ji. Ba za ta iya ba da haƙuri a kan abin da kuka ɓoye mata ba. Ki zaunar da ita ki gaya mata Sumana ya aiko, ki gaya mata zaryar da ubanta ya yi a bakin gulbi. Daga nan ki daina kai saƙo. Ta je da ƙafarta, ba da salula a hannu ba, ta yi masa ta'aziyyar da ba ta taɓa yi masa yadda ya kamata ba.

Shawarar ƙanwarki ban goyi bayanta ba. In kika fitar da ita a ɓoye, kin ƙara masa kunya ta biyu a garin da bai gama da ta farko ba, kuma yarinyar ta fi ku gaskiya da ta ce sai da albarka. Rantsuwa kuwa ba bango ba ce. Addini ya yi mata ƙofa: wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin. Ki nemi malamin da maigida ke jin nauyinsa ya tuna masa wannan a keɓe, ba a gaban jama'a ba.

Saura ke. Kin faɗa mini abin da ya ce, da abin da ta ce, da na ƙanwarki, har da na matan kasuwa. Shi ma duk ya ji waɗannan. Naki ne kaɗai bai ji ba, kuma ba mamaki ya ɗauki shirunki a matsayin kin yarda da hukuncinsa. Ni ma na yi wa nawa ɗan farin kunya, ban raina al'adar ba. Amma kunyar suna ce, ba a yi ta don uwa ta zuba ido karatun 'yarta ya lalace ba. Namijin da ya rantse cikin fushi a gaban mutane, sau da yawa jira yake wanda yake ganin girmansa ya buɗe masa hanyar dawowa, kuma ba wanda ya kai ki. Dangin Karakara ba sa cikin ɗakinku.

Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki zauna kusa da shi, ki ce masa kina so ta koma. Ba sai kin kira sunanta ba, ya san wadda kike nufi.

Allah ya jiƙan Sumana, ya huce zuciyar maigida, ya sa ki raka ta tasha da kanki.

Tanti Rahinatu