Magajin Garin da Za a Rushe

Las Vegas, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Vernell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki Hosea da jikoki. Yaya kunnen? Tunda waya ta daina yi mana amfani, sai dai mu yi ta ihu ba mai jin wani, na ce bari in koma wa takarda.

Abin da kika ji gaskiya ne. An sayar da otal ɗinmu mai suna Amsterdam. Sababbin masu shi sun tara mu a babban zaure, aka ba kowa kofi, sannan wani mai baƙar kwat ya ce a ƙarshen Agusta za a rufe, a sa nakiya a rushe, a gina dogon bene na gilashi. Wai an daina yayin kwaikwayon birane.

Ni ko ɗigon hawaye ban yi ba. Tun ranar da aka buɗe wurin nake raba wa 'yan caca karta a ƙarƙashin sararin samaniyar fenti da aka zana a rufi, ba taga, ba agogo. Kin dai gani da idonki zuwanki na ƙarshe: kogin nan da ya ratsa ta tsakiyar ginin, wanda ruwansa bai kai gwiwa ba, da kwale-kwalen da ake ja da waya ta ƙarƙashi, da injin iskan ƙofar shiga mai manyan fuka-fukai da bai taɓa niƙa ko ƙwayar alkama ba. Furannin ma na roba ne, don hayaƙin taba ya kashe na gaskiya tun shekarar farko. Kuma duk wannan saboda marigayi tsoho Strobel, mai otal ɗin na farko, ya yi kwana biyu a Amsterdam ta ainihi yana soja, ya ga wata mai sayar da kifi, ya neme ta, ta ƙi shi. Ya dawo ya yi arziki da dillancin motoci, ya zo tsakiyar hamada ya gina wa kansa garin da ba mai ce masa a'a.

Damuwata maigidana ne. Cornelius ya ƙi yarda.

Kin san yadda ya samu aikin nan. Wanke-wanke ya je nema, tsohon ya ji sunansa ya ce ai sunan mutanen Holland ne, ƙasar da Amsterdam take, a ba shi rigar Magajin Gari. Shi ke nan aka naɗa masa jibgegiyar rigar ulu da sarƙar tagulla da takalman katako, yana zagaya gefen kogi yana gaisawa da baƙi, yana ɗaura wa masoya aure a kan gada. Takalman nan sun cinye masa gwiwoyi. Likita ya ce jininsa ya hau, ya huta. Na ce to Allah ne ya kawo mana sauƙi, mu tattara mu koma garinmu Tallulah gidan Mama, in shuka kuɓewa, ya riƙa kamun kifi.

Sai cewa ya yi, “Ba a rushe gari da magajinsa a raye, Odessa.”

Na ce, “Wane gari, bawan Allah? Kwali ne da fenti. A gabana aka manna bulon da gam.”

Ya ce, “Kowane gari wani ne ya gina shi.”

Na ce, “To ranka ya daɗe, a zo a ci abinci kafin ya huce.”

Yanzu wai majalisar gunduma zai je, ya nemi a sa otal ɗin cikin wuraren tarihi da ba a taɓawa. Yaya, firijin da ke kicin ɗinmu ya girmi otal ɗin nan.

Ki sa Hosea ya duba mana rufin ɗakin baya ko yana yoyo. Ni dai da shi ko ba shi, ina nan tafe.

Taki,
Odessa

Las Vegas, watan Yuni

Yaya Vernell,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode da kwalbar barkonon, ta iso ba ta fashe ba. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Daga asibiti nake rubuto miki. Kada hankalinki ya tashi, yana da rai, yana ma da bakin yi wa masu jinya gardama.

Ya je majalisar kamar yadda ya ce, kuma da rigar ya je. Na roƙe shi ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya ƙi. Na bi shi don kada ya faɗi a matattakala. Tun daga ƙofa ake jin ƙwas-ƙwas ɗin takalman, mutane na waiwaye. Ya yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ba su tarihin wurin tun ƙaramin masaukin direbobi ne kawai a filin, da yadda aka haƙa kogin, da shekarar da ya fashe ya malale cikin zauren caca, mutane suka ɗage ƙafa suka ci gaba da wasa. Aka yi dariya. Matar da ke shugabancin zaman ta gode masa, ta ce doka ba ta ba su hurumi ba, ta kira na gaba. Wani ɗan majalisa ya tare shi a waje ya ɗauki hoto da shi. Ashe Cornelius ne ya ɗaura masa aure, aurensa na biyu.

Na ɗauka an gama. Ina! Washegari ya rubuta ƙorafinsa a kwali ya je ya tsaya a bakin titi, ƙarƙashin injin iskan, da tsakar rana. Kin manta zafin garin nan a watan Yuni? Hannun ƙofar mota ma ba ya taɓuwa. Shi kuwa yana cikin ulu har wuya. Masu yawon buɗe ido sun zaci wasa ne na otal, suna ta rungumarsa ana hoto. Ba wanda ya karanta kwalin.

Ina kan teburi ina raba karta sai Imelda, wadda ke raka baƙi a kwale-kwale, ta zo a guje ta ce, “Odessa, ajiye, mijinki ya faɗi.” Ban san lokacin da na watsar da kartar ba. Na same shi kwance a kan siminti, masu motar asibiti suna yanka rigar da almakashi, shi kuma ido a rufe yana cewa, “Ku bi ta ɗinki, ku bi ta ɗinki.”

Likita ya ce zuciyar ta taɓu, amma an auna arziki.

Da ya farfaɗo na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce shekara talatin da wani abu ina wanke masa safa, ba don ya je ya mutu a bakin titi saboda gidan caca ba. Na ce mutanen da suka sayi wurin ko sunansa ba su sani ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kin tuna otal ɗin da na yi wa wanke-wanke kafin nan?”

Na ce na tuna.

Ya ce, “Ta ƙofar baya nake shiga, kusa da shara. Manajan bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya kaɗa yatsa. A nan kuwa ta ƙofar gaba nake shiga. Mutum ya zo da amaryarsa, ya dube ni ya ce, yallaɓai, ina zan tsaya? Na san kwali ne, Odessa. Ni ba mahaukaci ba ne. Amma idan suka rushe shi, ni wa zan zama?”

Yaya, sai na fita baranda na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ce masa zai zama mijina mai shan maganinsa a kan lokaci, in ba haka ba ni zan ƙarasa shi da hannuna. Haushi nake ji har yanzu. Da ya faɗa mini wannan tun watan Afrilu, da ban yi ta yi masa ba'a ba.

Ki sa a yi masa addu'a a coci ran Lahadi. Kada ki faɗa wa fasto zancen rigar.

Ƙanwarki,
Odessa

Las Vegas, watan Satumba

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da Hosea. A yi masa godiyar gyaran rufi. Muna lafiya, mai jikin ma ya samu sauƙi, har ya fara satar gishiri idan na juya baya.

An rufe otal ɗin. Likita ya hana shi komawa aiki, amma ya nace sai ya je ranar ƙarshe. Na ce ba zai sa ulu ba. Muka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe na zauna na ɗinke rigar da aka yanka, na farke shafin cikinta, na ce awa ɗaya kawai, a cikin sanyin na'ura, kuma a kan kujera. Takalman katakon kuwa na ɓoye su a gidan Imelda.

Ashe Imeldan nan ta sa labarin faɗuwarsa a jarida ban sani ba, har da cewa Magajin Gari zai yi sallama a kan gada. Muna shiga muka tarar an cika gefen kogi ta ko'ina. Mutanen da ya ɗaura wa aure ne, Yaya. Wasu sun kwana a hanya daga jihar Arizona, wasu daga jihar Utah. Wasu da furfura, wasu da 'ya'yan da suka fi su tsawo. Wata mata ta zo ita kaɗai da hoton mijinta da ya rasu, ta ce kawai so take ta sake tsayawa a wurin. Wani ƙato kuma ya kutso ya ce, “Yallaɓai, naka ɗaurin bai riƙe ba, matar ta gudu da mai gyaran famfo.” Cornelius ya ce, “Ni ɗauri na yi, riƙo aikinka ne.” Ƙaton ya fi kowa dariya.

Awa ɗayan da na ba shi ta zama yini. Ya ƙi zama a kujerar. Ina ta yi masa alama da ido, yana yi kamar bai gan ni ba. Can sai mai baƙar kwat ɗin ya zo ya ce lokaci ya yi. Ma'aikata suka kashe fitilun sararin samaniyar, aka kunna na aiki, sai ga bututu da wayoyi da tabon yoyo a saman kawunanmu. Aka tsayar da injin kogin, ruwan ya kwanta. Wurin ya yi muni ƙwarai. Na dubi Cornelius ina tsoron abin da zan gani. Ya ɗaga kai ya kalli rufin na ɗan lokaci, ya cire sarƙar ya miƙa wa matar nan mai hoto, ya ce, “Riƙe wannan, 'yar'uwa.” Sannan ya kama hannuna ya ce, “Mu je gida, ƙafata na ciwo.”

Ta ƙofar gaba muka fita. Shi ya zaɓa.

Ranar da aka tayar da nakiyar ba mu je kallo ba. Muna kicin muna naɗe kwanuka cikin jarida muka ji ƙasa ta ɗan girgiza, kofuna suka yi ƙara. Ya tsaya da faranti a hannu. Daga baya ya tambaye ni inda na ajiye igiyar ɗaure kwali.

Motar kaya za ta tashi ran Litinin, mu kuma za mu biyo a hankali saboda jikinsa. Ki dafa mini jan wake da shinkafa irin na Mama, nasa ba gishiri, ko ya roƙe ki.

Sai abu ɗaya, kuma don Allah ki gargaɗi Hosea tun kafin mu iso. Jiya muna cin abincin rana ya ajiye cokali, ya gyara murya irin yadda yake yi a kan gada, ya ce, “Odessa, wai wa ke riƙe da kujerar magajin gari a Tallulah yanzu? Kuma yaushe ne zaɓe?”

Na ce ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Hosea ma bai sani ba.

Sai mun zo.

Ƙanwarki da ta gaji,
Odessa