Ba Mai Aiko Mini Goro

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajo? Allah ya ƙara sauƙi.

"Duk abin da kika zaɓa, ni zan tsaya miki." Haka ka ce ranar jana'izar ɗana Bello. To, na zaɓa. Na roƙi alƙali a ɗaure makiyayin da ya sare shi, amma kada a kashe shi da sunana. Kai kuwa ko waya ba ka ɗauka.

Duk garin Jabo ya juya mini baya. Matan da na koya wa karatu ke cewa na sayar da jinin ɗana, kamar ba Littafin da ya halatta ƙisasi ne ya yabi afuwa ba! Biki ko suna, ba mai aiko mini goro. Uwar makiyayin kaɗai ke leƙowa, ta ajiye nono a zaure, ta juya. Ita ma an daina sayen nata.

Ka zo ka yi wa dattawa magana kafin a gama yankan gero. In ba ka zo ba, zan je kasuwar Tambuwal, in zauna gaban ƙwaryarta in sha, kowa na kallo.

Ka sa ni cikin addu'a. Gai da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza