Layin Kurfi da Ba a Rufe Ba

Daren Laraba, damina, 1988

Shekara ashirin ina hawa turakun waya tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ba wanda ya koya mini sai idona da hannuna. Yau Injiniya Bitrus da aka turo mana ya zaunar da ni kamar ɗan firamare, yana bayanin yadda kwamfutoci ke magana da juna. Wai saƙo yayyanka shi ake yi, kowane yanki da lambarsa, su bi hanyar da injuna ne kawai suka yarda akwai ta.

Na ce, "Injiniya, hanyar da ba ta taɓuwa ai ta aljanu ce."

Ya yi dariya. "Malam Sule, kamar gaisuwa ce. Da sallama ake buɗe ta, da ban kwana ake rufewa. In ɗaya ya ɓace ba ban kwana, ɗayan kan riƙe hanyar yana jira."

Daga nan ban ƙara jinsa ba. Bara Yaya Hamisu ya kira ni daga ofishinsu na Kurfi kan gonar gado, na kife masa waya yana tsakiyar kiran sunana. Kwana uku tsakani muka binne shi.

Bayan la'asar na hau turke a bayan gari, na maƙala abin saurarena a layin Kurfi, wanda na san ruwan saman ranar Lahadi ya tsinke shi. Ba magana. Amma shirun na mutum ne da ke riƙe da waya.

Na ce, "Yaya, ka yafe mini. A huta lafiya."

Na jira ya fara ajiyewa, tunda shi ne babba. Har aka kira magariba ina bisa turken.